Madurai: Birnin da Ya Binne Dauloli Bai Mutu Ba

A can kudancin ƙasar Indiya, inda ƙasar ta tsuke ta nufi teku tana fuskantar tsibirin Sirilanka, akwai wata jiha da ake kira Tamil Nadu, kuma a cikin jihar nan, a gaɓar wani kogi mai suna Vaigai wanda yakan tumbatsa da damina ya koma rairayi da rani, akwai wani birni da ya fi shekara dubu biyu ana kwana ana tashi a cikinsa ba tare da ya taɓa zama kufai ba. Sunansa Madurai. Mutanensa a yau sun haura miliyan ɗaya, harshensu Tamil, mafi yawansu mabiya addinin Hindu ne, tare da Musulmi da Kirista waɗanda su ma kakanninsu a nan aka binne su. Abin da ya sa na ga ya cancanci a ba da labarinsa shi ne, birane da yawa da suka yi zamani da shi sai an tona ƙasa ake ganin alamarsu, alhali shi kuwa dauloli sun yi ta hawa kansa suna faɗuwa, kowace ta bar masa wani abu, ko gini ko tabo, yana riƙe da su duka.

Sarakunan farko da tarihi ya sani a wurin su ne zuriyar Pandiya, masu tambarin kifi a tutarsu, waɗanda arzikinsu ya dogara ga lu'ulu'un da ake nutso a ciro a gaɓar tekunsu. Labarin wannan lu'ulu'u ya kai har Rum, marubutan Yunanawa sun ambaci sarautar da birnin, an kuma haƙo tsabar kuɗin Rumawa a ƙasar Tamil da yawan da ke nuna cewa fatauci ne na sosai aka yi. Amma ba dukiya ce mutanen Madurai suka fi tinƙaho da ita ba. Abin alfaharinsu shi ne majalisar sha'irai da ake kira Sangam, wadda bisa ga riwayarsu ta zauna a birnin ƙarƙashin inuwar sarakuna, inda mawaƙi zai kawo waƙarsa gaban ma'abuta fasaha da balaga, su auna ta, su karɓa ko su mayar masa. Ko da yake riwayar ta cakuɗe da tatsuniya wajen ƙidayar shekaru, waƙoƙin kansu suna nan, sun haura dubu biyu, kuma har yau ɗan makaranta a Tamil Nadu yana karanta su. Tun daga 2015 kuma ake tono a wani ƙauye mai suna Kiladi kusa da birnin, ana samun gine-ginen tubali da rijiyoyi da tsingaro masu rubutu, abin da ya ƙarfafa zancen daɗewar zaman mutane masu karatu a kwarin Vaigai.

Daga cikin tsofaffin littattafansu akwai wata doguwar waƙa mai suna Silappatikaram, wadda na tabbata duk mai ƙin zalunci zai ji ta a ransa ko daga wace ƙasa ya fito. Wani ɗan kasuwa mai suna Kobalan ya ɓarnatar da dukiyarsa, ya zo Madurai tare da matarsa Kannagi domin su sake kama sana'a, ba su da jari sai munduwar ƙafarta ta zinariya. Ya kai ɗaya kasuwa, sai maƙerin sarki, wanda shi ne ya saci munduwar sarauniya, ya yi masa ƙazafi, sarki kuwa ya ba da umarnin kisa ba tare da bincike ba. Kannagi ta shiga fada da ɗaya munduwar a hannunta, ta fasa ta a gaban sarki, sai ga yaƙutu ya warwatsu, alhali ta sarauniya lu'ulu'u ne a cikinta. Da sarki ya ga hujja ta tsaya a kansa sai ya faɗi matacce don baƙin ciki, Kannagi kuma ta la'anci birnin ya kama da wuta. Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka adana wannan ƙissa suna girmama ta, birninsu ne aka ƙone a cikinta, sarkinsu ne aka kama da kuskure, amma duk da haka suka goyi bayan baƙuwar da aka zalunta.

Musulunci ya iso wannan nahiya ta ƙofa biyu, kuma adalci ya wajabta a ambace su duka. Ƙofa ta farko ita ce ta teku, ta hannun fatake Larabawa da Farisawa masu kawo dawaki, domin sarakunan Pandiya suna sayen dawaki da yawa kowace shekara, kasancewar dawakin ba sa jure yanayin ƙasar. Waɗannan fatake sun zauna lafiya, sun yi aure, harshen zuriyarsu ya zama Tamil, kuma a tsakiyar Madurai akwai Babban Masallacin Kazimar, wanda ma'abutansa ke riwaito cewa wani sharifi, Alƙali Sayyid Tajuddin, ya kafa shi a ƙarni na 13 a filin da sarkin Pandiya ya ba shi. Ƙofa ta biyu ita ce ta takobi. A 1311 Malik Kafur, sarkin yaƙin Sultan Ala'uddin Khalji na Delhi, ya iske 'ya'yan sarki biyu suna rigimar gadon sarauta, ya shiga birnin ya kwashi dukiya da giwaye, ya yi ɓarna a wurin ibadarsu. Daga baya Delhi ta haɗe ƙasar, har zuwa wajen 1335 lokacin da gwamnanta, Jalaluddin Ahsan Shah, ya ɓalle ya kafa daula mai cin gashin kanta, wadda ta yi shekara arba'in da 'yan kai.

Shaidan da ya ga wannan daula da idonsa ba baƙo ba ne gare mu, domin shi ne Ibn Baɗɗuɗa, mutumin Tanja, wanda bayan 'yan shekaru ya ƙetare Sahara ya sauka Takedda a 1353, ya ambaci Barno da wata ƙasa da masana da yawa suka ce Gobir yake nufi. Ya auri 'yar Jalaluddin tun yana Delhi, saboda haka da ya iso ƙasar da Larabawa ke kira Ma'abar, ya sauka ne a matsayin ɗan gida wurin Sultan Giyasuddin, wanda shi ma 'yar Jalaluddin yake aure. Amma surukuta ba ta hana shi faɗin gaskiya ba, ya rubuta yadda sultan yake kashe kamammu, har mata da yara, ya kuma bayyana ƙyamarsa ga wannan aiki a fili. Ya iske annoba tana cin Madurai har ta shiga gidan sarauta, shi kansa zazzaɓi ya kama shi, ya jiƙa tsamiya ya sha, Allah Ya ba shi lafiya, ya bar garin. Ni a ganina wannan shaida ta malami Musulmi a kan sarki Musulmi tana da daraja ƙwarai, domin ta nuna cewa mutanen kirki na wancan zamani sun san bambancin addini da son zuciyar masu mulki.

Sojojin daular Vijayanagara ne suka kawar da sultanonin, sa'an nan gwamnoninsu, waɗanda ake kira Nayak, suka gaji birnin daga wajen 1529, kuma Madurai da matafiyi zai gani yau, mafi yawanta aikinsu ne. Su ne suka sake fasalin garin suka mai da haikali cibiyarsa, tituna suna kewaye shi murabba'i cikin murabba'i, ko wane titi da sunan wani wata na kalandar Tamil, kamar Adi da Cittirai da Abani da Masi, sunayen da ke da nasaba da bukukuwan da ake zagaya titunan a cikinsu. Ta haka taswirar gari ta zama kalanda, mazaunin titi ya san lokacin da taro zai bi ta ƙofar gidansa kamar yadda kakansa ya sani.

Haikalin nan, wato babban ɗakin bautar da ake kira Minakshi, ya mamaye fili kimanin eka 14, yana da hasumiyoyi 14, mafi tsawonsu ta kudu wadda ta kai wajen mita 50. Ƙasan kowace hasumiya dutse ne, samanta tubali da farar ƙasa, an lulluɓe ta da dubban siffofi masu launi iri-iri, bisa ƙa'ida kuma akan sabunta fentin a yi bikin tsarkakewa bayan kowace shekara 12. A ciki akwai tafkin da suke kira Tafkin Bado na Zinariya, da wani zaure da aka gina a 1569 da ake kira mai ginshiƙi dubu, ko da yake masu ƙidaya sun ce 985 ne, kowane ginshiƙi an sassaƙa shi daga dutse. Musulmi ba ya tarayya da su a aƙidar da ta sa aka yi wannan aiki, wannan a fili yake, amma ba zai rasa fahimtar irin haƙuri da ƙwarewar magina da masassaƙan da suka ƙare rayuwarsu a kansa ba, kuma sanin abin da maƙwabci ya yi imani da shi ya fi jahiltarsa.

A aƙidarsu Minakshi, ma'ana mai ido irin na kifi, 'yar sarkin Pandiya ce wadda ta gaji sarauta, ta yi yaƙe-yaƙe ta ci nasara, sa'an nan ta auri Shiva, wanda a nan ake kira Sundareshwara. Saboda haka a wannan haikali mace ce kan gaba, ita ake fara ziyarta, kuma mutanen gari suna ɗaukarta sarauniyar birnin ta har abada. A watan Cittirai, tsakanin Afrilu da Mayu, ake bikin naɗinta da ɗaurin aurenta, a ja manyan kekunan katako da igiyoyi a titunan Masi. A daidai lokacin kuma ake ɗauko siffar Alagar, wato Vishnu, wanda suke ɗauka ɗan'uwan amarya ne, daga haikalinsa da ke gindin tsauni kimanin kilomita 20 daga gari, ya iso bakin kogi a makare ya tarar an riga an ɗaura aure, ya shiga ruwan Vaigai ya ƙi ƙetarewa. Asali bukukuwa biyu ne na ɗariƙu biyu, masu bin Shiva da masu bin Vishnu, na 'yan birni da na mutanen karkara, kuma ana danganta haɗa su ga Tirumalai Nayak, wanda ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1659. Ko shakka babu wannan siyasa ce ta mai hangen nesa.

Shi ne kuma ya gina fada a 1636, mai ginshiƙai masu kauri da bakuna da ƙubbobi waɗanda duk wanda ya san ginin Musulmi zai gane hannunsa a ciki. Jikansa ya rushe mafi yawanta ya kwashe kayan zuwa Tirucirappalli, abin da ya rage bai wuce rubu'i ba, amma ya isa ya nuna girman abin da ya salwanta. A gabashin gari kuma Tirumalai ya haƙa wani tafki murabba'i mai kimanin mita 300 kowane gefe, da tsibiri a tsakiyarsa. Bayansa an yi wata sarauniya mai riƙon ƙwarya, Mangammal, wadda har yau ake tunawa da ita saboda hanyoyi da masaukan matafiya da ta gina.

Daular Nayak ta ƙare a 1736, aka shiga zamanin hargitsi, har birnin ya faɗa hannun Ingilishi a 1801. Wajen 1840 wani jami'insu mai suna Blackburn ya sa aka rushe ganuwar gari aka cike gwalalonta, aka shimfiɗa tituna a gurbinsu. Duk wanda ya ga yadda ganuwar Kano ke zaizayewa ya san irin wannan hasara, ko da yake ba a musun cewa garin ya sami sararin faɗaɗa.

Ba a cika labarin Madurai ba sai an faɗi abin da ya fi ginshiƙai nauyi. Ƙarnuka da dama wannan haikali mai ƙofofi a kusurwa huɗu a rufe yake ga mutanen da tsarin dangantakar Hindu ya ajiye a ƙasa, waɗanda ake ganin ko taɓa su ƙazanta ne, alhali da guminsu ake noma shinkafar da ake ciyar da ma'aikatansa. A wannan birni ne, cikin Satumba 1921, Gandhi ya tuɓe tufafinsa ya koma ɗaura ɗan gyauto irin na matalautan da ya gani a hanya, bai kuma sake komawa ga riga ba har ya mutu. Ranar 8 ga Yuli 1939 wani lauya, Vaidyanatha Iyer, wanda shi kansa daga dangin Brahman ya fito, ya jagoranci wasu 'yan tsirarun mutane daga cikin waɗanda aka haramta wa shiga, suka shiga haikalin suka yi ibadarsu. Da yawa daga limaman wurin suka ƙaurace masa shekaru, aka kai ƙara kotu, gwamnatin lardin Madras ta yi doka ta kare waɗanda suka shiga. Gandhi, wanda ya ƙi taka wurin muddin ana korar wasu, sai a 1946 ya shiga. Tsohuwar fadar da ake dangantawa ga Mangammal ita ce aka mayar gidan tarihinsa a 1959.

Yau ana yi wa Madurai kirari da birnin da ba ya barci, domin ko tsakar dare mutum zai sami abinci da zafinsa a bakin titi. Tun kafin asuba manoma ke kawo furen yasmin kasuwa, mata su zauna suna kitsa shi a zare da saurin da ido ba ya bi, a sa a gashi, a kai haikali, a ɗora saura a jirgin sama. Akwai kuma al'ummar Saurashtra, masaƙa da marina waɗanda asalinsu daga yammacin Indiya ne, suka bunƙasa a zamanin Nayak, suna yin zanen ɗaure-ka-rina da ake kira sungudi, suna magana da harshensu a gida da Tamil a kasuwa. A 1976 kuma wani likita mai ritaya, Govindappa Venkataswamy, ya buɗe asibitin ido mai gado 11 da sunan Aravind, bisa tsarin cewa kuɗin mai hali ya ɗauki nauyin marar hali. Asibitin ya zama ɗaya daga cikin mafi yawan yin aikin yanar ido a duniya, kuma likitoci daga ƙasashen Afirka suna zuwa Madurai koyon yadda ake tafiyar da shi.