3.2 Rabon Maki Bisa Nauyi a Duban Aikin Juna Tsakanin Ɗalibai

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake tsara ma'aunin da ɗalibai za su bi wajen duba aikin junansu a darussan da ake bayarwa ta intanet. Abin da ake nufi da ma'auni a nan shi ne jadawalin da ke ɗauke da abubuwan da za a lura da su a cikin aiki, tare da makin da aka keɓe wa kowane ɗaya. Ba daidai-wa-daida ake raba makin ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Nijeriya. Hukumar WAEC kan raba maki 50 na insha'in Ingilishi kamar haka: ƙunshiya 10, tsari 10, iya bayani 20, ƙa'idojin rubutu 10. Sai dai a can ƙwararrun malamai ne ke duba takardu. A dandali irin su Coursera kuwa, wanda aka kafa a Amurka a 2012, ɗalibi ne ke duba aikin ɗan'uwansa. Saboda haka dole a fayyace masa kowane mataki. Cewa "aikin ya yi kyau" ba ma'auni ba ne, amma "ya kawo hujja biyu tare da misali" abu ne da kowa zai iya ƙirgawa.

Ga misali, idan malami ya ba ƙunshiya 40 cikin 100, ya kuma kasa ta mataki huɗu, ɗalibin da aka ba mataki na uku ya sami 30 ke nan. Ya kamata mutum uku su duba kowane aiki ba tare da ganin sunan mai shi ba, sannan a ɗauki makin da ya faɗo tsakiya, domin kada abota ko 'yar tsama ta yi tasiri.

Inda mai wannan nazari ke ganin an fi yin kuskure shi ne makin miƙa aiki a kan lokaci. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, kuma an shafe watanni a haka. Ɗalibin da ke zaune a Damari a lokacin sai ya yi tafiya, wataƙila har ƙasar Kaduna, kafin ya iya tura aikinsa. Idan aka ɗora wa lokaci maki 20, to an auna inda ɗalibin yake zaune ne, ba abin da ya sani ba. A ra'ayin mai nazari, kada wannan kaso ya wuce 5, kuma a bar shi a hannun malami, domin shi ne zai iya sauraron uzuri.