Sanin Adireshi Ba Ya Buɗe Ƙofa

A hutun da ya wuce na tafi gida Zandam, a ƙaramar hukumar Gwaram, ɗauke da laftof ɗina da furojek ɗin kammala difloma. Wata 'yar manhaja ce na rubuta don kwamfuta mai Windows, irin waɗanda ake shiryawa don Microsoft Store, aikinta rubuta bashi a shago. Na ce bari in gwada ta a shagon kawuna, tunda littafinsa na bashi duk ya yayyage.

Ranar farko komai ya tafi sumul. Na zaɓi fayil, muka kwashe sunayen masu bashi muka zuba, muka yaga tsofaffin shafukan. Washegari na buɗe manhajar, wayam! Babu ko suna ɗaya. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ba dai ka ɓatar min da kuɗin jama'a ba?" Wallahi sai da gumi ya keto min. Wani abokina ya ce bairos ne, a goge laftof ɗin kawai. Allah Ya taimake ni ban bi tasa ba, domin fayil ɗin yana nan daram inda na ajiye shi. Manhajar ce aka hana ta taɓa shi, kuma laifin nawa ne.

Ga abin da ya faru. Irin waɗannan manhajoji a killace suke aiki, a cikin shinge. Ba sa ganin fayilolinka sai wanda ka nuna musu, don ko wata ta zama muguwa, kada ta kwashe hotunanka da takardunka. Kamar baƙo ne a zaure: ba ya shiga cikin gida sai an yi masa iso. Idan ka danna maɓallin buɗe fayil, tagar da ke fitowa ba ta manhajar ba ce, ta tsarin kwamfutar ce. Da ka zaɓi fayil, ka yi mata iso ke nan. To amma ison nan na ziyara ɗaya ne. Da an rufe manhajar, ya ƙare.

Ni kuwa adireshin fayil ɗin kawai na sa ta adana, wato yana folda kaza, sunansa kaza. Baƙo ya san hanyar ɗaki, amma wa ya ce ya shiga? Abin da ya kamata a adana shi ne izinin kansa, kuma kowane tsari yana da tasa hanyar.

A Windows akwai wani jeri mai suna FutureAccessList. Za ka sa fayil ɗin a ciki, a ba ka 'yar shaida ka ajiye. Gobe da shaidar za ka nemi fayil ɗin. Jerin yana ɗaukar abu 1000 ne kacal, in ya cika sai ka rage da kanka.

A kwamfutocin Mac, tun Yunin 2012 Apple ya wajabta shingen ga sababbin manhajojin Mac App Store. A can alamar izini ake ƙirƙira a adana. Idan an sake buɗe manhaja sai ta warware alamar, ta sanar cewa ta fara amfani da fayil ɗin, in ta gama kuma ta sanar. Alamar tana iya tsufa, tsarin zai gaya maka ka sabunta ta.

Masu Linux kuwa, Flatpak yana da wani ɗan aike da ke miƙa wa manhaja fayil ɗin da ka zaɓa ta wani adireshi na musamman, kuma yana riƙe da rajistar wa aka ba me. Manhajojin Snap na Ubuntu kuma wani lokaci ba sa ganin filash sai an ba su izinin removable-media.

To 'yan uwana ɗalibai, idan manhaja ta ce ba ta ga fayil ba, kada ku yi gaggawar goge komai. Ku fara duba foldar da idonku, sannan ku sake zaɓar fayil ɗin daga cikin manhajar. Sau da yawa shi ke nan an gama. Masu rubuta furojek kuma, kafin ranar difens ku rufe manhajarku, ku kashe kwamfutar, ku kunna, ku sake gwadawa. Ku kuma tanadi abin da za ta yi in an cire filash ko an goge fayil: ta nemi mai ita ya sake zaɓa, ba ta fito da shafi fanko ba.

Gyaran nawa bai kai layi goma ba. Kawu dai ya ce ya gani, amma duk da haka ya aiki yaro ya sayo masa sabon littafi.