Babi na Shida: Kula, Bargo da Zafin Yogot

Duk ranar da yogot ya ƙi kamawa, uwargida ba ta rasa wanda za ta ɗora wa laifi: ko mai shago ya sayar mata da tsohuwar madara, ko wata mai mugun baki ce ta leƙa robar. Baki bai taɓa tsinka madara ba. Zafi ne ya kuɓuce mata.

Ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke wannan aiki, ɗayansu kuwa wani ɗalibin likita ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano shi a Janeba a 1905. Sun fi son digiri 42 zuwa 45 a ma'aunin salshiyos. A zuba irin yogot madara na tiriri, sun mutu. A bar ta ta huce sosai, sai su yi ta nawa har gari ya waye madarar tana tsululu. Ma'aunin zafi na kicin yana raba wannan gardama, ya kuma fi ɗan yatsa gaskiya.

Sai kula, wadda ba a ba ta girman da ya kamace ta. Mutane da yawa sun ɗauka kula ko bargo ne ke ɗumama madara. Ina! Bargo ba shi da wuta. Zafin da aka ba shi yake tsarewa kada ya gudu, shi ya sa kula ɗaya ke riƙe tuwo da zafinsa, ta riƙe ƙanƙara da sanyinta. Wadda ta naɗe madarar da ta riga ta huce da barguna uku, wahalar banza ta yi. Dabarar ita ce a ɗauraye kula da ruwan zafi, a juye madarar, a rufe ruf, a jingina kwalbar ruwan ɗumi idan hunturu ne, musamman a Jos. Awa shida zuwa takwas, ban da buɗe-buɗe. Masu daddawa sun daɗe da sanin haka: lulluɓe dafaffiyar kalwa suke yi da ganye da buhu, ɗumin da ruɓarta ke haifarwa ya zauna a ciki kwana biyu ko uku.

 

Da zarar yogot ya kama, a kai shi firji, wajen digiri 4, kafin tsami ya zarce.