Yadda Ingila Ke Auna Ciwo Kafin Sayen Magani

A shekarar 1990 Majalisar Dokoki ta Ingila ta kafa doka wadda ta raba aikin lafiya gida biyu. Daga watan Afrilu na 1991 kuɗi suka koma hannun hukumar lafiya ta kowace gunduma, asibitoci kuwa suka zama masu sayar mata da aiki bisa yarjejeniya. To, me za ta saya?

Mu ma'abota littafi da alƙalami mā ce a duba rajistar asibiti. Amma rajista ba ta san wanda ya kwanta a ɗaka bai zo ba. Tun 1971 Likita Julian Tudor Hart, wanda ya yi aiki cikin mahaƙa kwal a Wales, ya nuna cewa inda ciwo ya fi yawa nan magani ya fi ƙaranci.

Saboda haka aka riƙa ƙididdige masu kowane ciwo a gunduma, a gwada da maƙwabta, a ji bakin jama'a. Abin da ya fi ƙayatar da mu shi ne, ba a kiran abu bukata sai in maganinsa zai amfani majinyaci.

Hukumomin gundumar sun shuɗe. Tun Yuli 2022 waɗansu sababbi ke riƙe da kuɗin, aunawar kuwa tana wuyansu.