Sabo Turken Wawa: Yadda Kamfanonin Fim na Intanet Ke Riƙe Masu Kallo

A shekarun baya, mai son kallo yakan je shagon haya ya ɗauko kaset ko faifai, in ya gama ya mayar, magana ta ƙare. A yau kuwa fim yana shigowa gida ta intanet, ana biyan kuɗinsa wata-wata, ko an kalla ko ba a kalla ba. Saboda haka babbar damuwar masu wannan kasuwa ita ce: me zai hana mutum ficewa idan wata ya ƙare?

Kamfanin Netflix na Amurka ya fara nuna fina-finai ta intanet a shekarar 2007, amma hajar da ke rumbunsa ta aro ce daga wasu kamfanoni. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. A 2013 ya fito da shiri mai suna House of Cards, ya saki kashi 13 a rana guda, ya maƙala masa tambarinsa. Hangen nasa ya tabbata, domin kamfanin Disney ya janye fina-finansa, ya buɗe nasa dandalin, Disney+, a watan Nuwamba na 2019. Tun daga nan kowane kamfani ya duƙufa wajen shirya abin da ba a samu sai a wurinsa.

Wannan dabara tana jawo jama'a ƙwarai. Shirin Squid Game na Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2021, an kalle shi fiye da awa biliyan 1.6 cikin kwana 28 na farko. Sai dai jawo mutum daban, riƙe shi daban. A watan Afrilu na 2022 Netflix ya bayyana cewa ya rasa masu biya 200,000 cikin wata uku, karo na farko a fiye da shekara goma. Da yawa sukan biya wata ɗaya, su kalli abin da ya kawo su, su kama gabansu. Ashe amanar mai kallo tana ga labarin, ba ga kamfanin ba. Mu ma shaida ne: masu bin shirin Labarina na Aminu Saira, duk tashar da ya sauka nan za su bi shi.

Da kamfanonin suka gane haka, sai suka koma kafa turke. Disney+ yakan saki kashi ɗaya a kowane mako, don kallo ya ja watanni. Netflix ya raba zango na huɗu na Stranger Things gida biyu, Mayu da Yuli na 2022, yadda biyan wata ɗaya ba zai isa ba. Kashi na ƙarewa, na gaba ya soma da kansa. Wata na cika, a cire kuɗi ba tare da tambaya ba.

To, ya kai maigida, da ke uwargida, ku zauna ku yi lissafi. Dandali nawa ake biya a gidan nan? Wanne aka buɗe a watan jiya? Wane shiri ne ke hana yara barci a daren makaranta? Wanda ake amfana da shi a ci gaba da biya, wanda labarinsa ya ƙare a dakatar da shi, ƙofarsa a buɗe take duk ranar da aka so komawa.