Bulubari da Rage Ƙiba: Abin da Bincike Ya Nuna

A wannan fitowa shafin lafiya zai yi magana a kan wani ɗan itace mai suna bulubari. Ana yawan tallarsa a saƙonnin waya, ana cewa yana kashe yunwa, yana kuma narkar da kitse. Wasu na sayar da garinsa, wasu ƙwayoyi, wasu shayi, kuma da tsada. Kafin wani ya sayar da akuya ko buhun masara domin ya saya, yana da kyau mu san abin da masana suka gano a kansa.

Mene ne bulubari?

Ɗan itace ne ƙarami, bai kai ɗinya girma ba, launinsa shuɗi mai duhu, yana da zaƙi da ɗan tsami. Asalinsa daga Amurka ta Arewa ne, wato Amurka da Kanada, inda yake fitowa a jeji. An fara sayar da wanda aka noma a gona a shekarar 1916 a jihar New Jersey ta Amurka, bayan aikin wata 'yar manomi mai suna Elizabeth White da masanin tsirrai Frederick Coville. Yanzu ana noma shi a ƙasashe irin su Peru, Chile, Maroko da Afirka ta Kudu. Yana son ƙasa mai tsami, yawancin irinsa kuma suna bukatar sanyi mai tsawo. Shi ya sa ba mu ganinsa a kasuwannin ƙauyukanmu.

A cikin giram 100 na bulubari, kimanin giram 84 ruwa ne, giram 10 sukari, giram 2.4 kuma zare-zaren abinci ne, irin abin da muke gani a dusa ko a jikin mangwaro, wanda ciki ba ya narkarwa. Ƙarfin abinci da ake aunawa da kalori kuwa 57 ne kawai. Launinsa yana fitowa daga wani sinadari da ake kira antosayanin.

Wane ne mai ƙiba?

A wurinmu an saba ɗaukar ƙiba alamar jin daɗi. Amma ƙiba mai yawa tana buɗe ƙofa ga hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya da ciwon gwiwa. Ga yadda ma'aikatan lafiya ke aunawa: a ninka tsayin mutum a mita da kansa, sai a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Misali, mace mai tsayin mita 1.6 da nauyin kilo 80: 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, a raba 80 da 2.56, an sami 31. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa teɓa ce. Binciken lafiyar jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Saboda haka wannan magana ta shafi gidajenmu.

Yana rage nauyi?

A shekarar 2010, a cibiyar bincike ta Pennington da ke jihar Luwiziyana a Amurka, an ɗauki manya 32 masu teɓa aka raba su biyu. Kashi ɗaya suna shan abin sha mai garin bulubari sau biyu a rana, ɗaya kashin kuma suna shan irinsa babu bulubari. Bayan mako 6, jikin masu shan bulubari ya fi karɓar insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini. Wannan shi ne abin da masu binciken suka sa gaba, kuma labari ne mai daɗi. Amma nauyin mutanen da yawan kitsensu ba su canja ba.

A wannan shekara kuma, a jami'ar jihar Okalahoma, an gwada mutum 48 masu ƙiba har mako 8. Waɗanda aka ba bulubari, daidai da kimanin giram 350 na ɗanye kowace rana, awon jininsu ya ɗan sauka. Nauyinsu bai bambanta da na sauran ba.

A 2019, Jami'ar East Anglia da ke Ingila ta fitar da sakamakon gwaji na wata 6 a kan masu ƙiba 'yan shekara 50 zuwa 75. Masu cin daidai da kofi ɗaya a rana, wato giram 150, jijiyoyin jininsu sun ƙara laushi. Masu cin rabin kofi ba a ga wani amfani a jikinsu ba. Ku lura kuma, ƙungiyar manoman bulubari ta Amurka tana cikin waɗanda suka ba da kuɗin wannan gwaji da na Luwiziyana. Wannan bai mai da sakamakon ƙarya ba, amma yana nuna dalilin da ya sa aka fi jin labarin bulubari fiye da na gwaiba ko ɗinya.

Akwai bincike ɗaya babba da masu talla ke son ambata. Masana a Jami'ar Harvard sun bi ma'aikatan lafiya fiye da 133,000 a Amurka har tsawon shekara 24, suka fitar da sakamako a 2015. Sun ga cewa wanda ya ƙara cin bulubari sau ɗaya kowace rana, nauyinsa ya gaza na sauran da kimanin giram 600 a cikin shekara 4. Wato ɗan fiye da rabin kilo a shekara huɗu. Masu ƙara cin tuffa ma sun sami kusan haka. Ban da wannan, irin wannan bincike kallo ne kawai ake yi, ba a ba kowa komai ba, kuma mai yawan cin 'ya'yan itace sau da yawa yakan kula da sauran abincinsa.

Yana kashe yunwa?

A 2015, a Jami'ar Loughborough ta Ingila, an yi wani ɗan gwaji da mata matasa 12. Wata rana da yamma aka ba su haɗin ƙananan 'ya'yan itace har da bulubari, kimanin giram 160. Wata rana kuma aka ba su alewa, kimanin giram 19. Duka biyun kalori 65 ne. Bayan awa ɗaya aka ajiye musu taliya, aka ce kowa ta ci ta ƙoshi. Ranar da suka ci 'ya'yan itace, abin da suka ci ya ragu da kimanin kalori 130. Gwajin ƙarami ne, na cin abinci sau ɗaya, amma yana koya mana wani abu.

Asirin yana cikin yawa da tauna. Giram 160 yana cika tumbi, giram 19 kuwa loma ɗaya ce. Ruwa da zare-zare suna ɗaukar wuri a ciki, suna sa abinci ya daɗe kafin ya wuce, tauna kuma tana ba jiki lokaci ya gane ya ƙoshi. An ga irin wannan da tuffa a jami'ar jihar Pensilbaniya a 2009: manya 58 da suka ci tuffa kafin abincin rana, jimlar abin da suka ci ta ragu da kashi 15 cikin 100, kuma ɗan itacen da aka tauna ya fi ruwansa da aka matse ƙosarwa.

To, a nan ne ƙwaya da shayin bulubari suka faɗi. An cire ruwan, babu tauna, babu abin da zai cika ciki. Abin da ke kawo ƙoshi shi ne aka zubar, aka sayar muku da sauran.

Me wannan yake nufi gare mu?

Bulubari abinci ne mai kyau, amma ba ya narkar da kitse. Yana taimako ne idan ya maye gurbin abu mai nauyi. Wanda ya ci tuwo malmala uku, ya sha lemon kwalba, sa'an nan ya ɗora bulubari a kai, ƙari ya yi. Wannan aiki na maye gurbi kuwa, abin da ke bayan gidanmu yana iya yinsa. A kowane giram 100, kankana tana da kalori 30, gwanda 43, lemon zaƙi 47, mangwaro 60, gwaiba 68. Zare-zaren gwaiba ya ninka na bulubari sau biyu. Gyaɗa soyayya kuwa ta haura kalori 550, babban cokali ɗaya na mai kuma kimanin 120 ne. Antosayanin ɗin da ake yabo, shi ne ke ba zoɓo jan launinsa.

Ga shawarwari ga mai son rage nauyi:

1. Ku ci ɗan itace ɗaya ko yalo biyu kafin babban abinci, sa'an nan ku rage malmalar tuwo, ku ƙara miyar ganye.

2. Ku tauna ɗan itacen gaba ɗaya maimakon matse ruwansa.

3. Ku rage lemon kwalba. Ƙaramar kwalba ɗaya irin ta kola takan ƙunshi sukari kimanin ƙaramin cokali 8 zuwa 9. Zoɓo da kunu ma, idan aka cika musu sukari, sun zama ɗaya da shi.

4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace kowace rana. Zogale, alayyafo, kuɓewa da rama suna cikin lissafi, amma doya, rogo da dankali ba sa ciki.

5. Ku auna man girki da cokali. Iyaye mata, wannan yana hannunku, gama tukunya ɗaya ce ke ciyar da gida duka.

6. Ku motsa jiki, musamman da rani bayan an gama aikin gona. Tafiyar ƙafa ta minti 30 a rana, kwana 5 a mako, ta isa a fara da ita.

7. Ku auna nauyi da jini a asibiti ko wurin ma'aikacin lafiya na ƙauye, ku rubuta a littafi. Nauyi yana sauka a hankali, sannu ba ta hana zuwa.

Gargaɗi

Mai shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari kada ya daina domin wani gari ko shayi. Mai ciwon sukari ya tambayi ma'aikacin lafiya yawan ɗan itacen da ya dace da shi, musamman mangwaro da dabino. Mata masu ciki, masu shayarwa da yara masu girma kada su shiga rage cin abinci ba tare da shawara ba. Wanda ya ga yana ramewa ba dalili, ko yana yawan fitsari da ƙishirwa, ko tari ya ƙi ƙarewa, ya je asibiti da wuri. Kumburin ƙafa da fuska kuma ba ƙiba ba ne, yana bukatar a duba.

Muna roƙon shugabannin zumuntar mata da na matasa su karanta wannan shafi a taronsu domin waɗanda ba su iya karatu ba. Damina idan ta zo, kowane gida ya dasa gwaiba ko gwanda ko da guda ɗaya. Allah ya ba mu lafiya.