Sanin mutane: Yadda matasan Jega, Aliero da Maiyama ke samun gindin zama a manyan birane

Da zarar albasar rani ta nuna, manyan motoci kan taso daga Aliero a jihar Kebbi, su ratsa Jega da Maiyama, su gangara ta Yawuri da Kontagora zuwa kasuwannin kudancin Najeriya, irin su Mile 12 da ke Legas.

Wannan hanya ce kuma matasan yankin ke bi in sun tashi neman na kansu. Wasu yaran 'yan kasuwa ne, wasu kuwa sun kammala karatu ne a jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar, wadda aka kafa a Aliero a 2006, ko kwalejin kiwon lafiya ta Jega.

Abin lura shi ne, yaron ɗan kasuwa kan bar gida da sanin inda zai kwana ranar da ya isa, da sunan wanda zai tsaya masa. Mai takardar digiri sau da yawa ba ya da ko ɗaya.

Tsarin mai gida

Dalilin wannan bambanci yana da tsohon tarihi. An kafa Jega ne wajajen 1820, kuma ba a daɗe ba ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, inda ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yanzu, ke yada zango.

Fatauci mai nisa irin wannan ba ya yiwuwa sai da amana, domin babu banki, babu kotun da za ta bi wa baƙo bashinsa a garin da bai san kowa ba. Saboda haka sai fatake suka dogara ga fatoma, ko mai gida, wanda ke saukar da baƙo, ya adana kayansa, ya haɗa shi da dillali, kana ya tsaya a matsayin lamuni idan an sayar da kaya bashi.

Wani masanin halayyar jama'a, Abner Cohen, ya nazarci wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa littafi a kai a 1969. Ya gano cewa masu gida ne ƙashin bayan cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu. Mahauta kan ɗauki shanu bashi, mai gida kuma shi ne ya san wanda ke biya da wanda ke da taurin bashi.

Yaro kan shiga wannan tsari daga ƙasa. Yana kai abinci wa baƙi, yana gadin kaya, yana karɓo kuɗi. A hankali ake gwada shi da ƙaramin abu, in ya riƙe a ba shi babba, har ya zama dillali mai cin la'ada. A cinikin albasa har yau haka lamarin yake, sai dai wayar salula da tura kuɗi ta banki sun rage yawan tafiye-tafiye.

Amma tsarin yana da iyaka. Kusan duk wanda yaron ya sani ɗan garinsu ne, mai sana'a irin tasa. In masifa ta faɗa wa sana'ar, to ta faɗa wa kowa lokaci guda. An ga haka a watan Fabrairun 2021, lokacin da rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha ta Ibadan, inda 'yan arewa da dama ke sayar da kayan gwari. An ƙona shaguna, an yi asarar rayuka, kuma ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na kimanin mako guda. Wanda duk abokan hulɗarsa ke cikin kasuwar ba shi da inda zai juya.

Abin da bincike ya nuna

Ga mai neman aikin ofis, wannan iyaka ta fi tsanani. Ɗan uwan da ya sauke shi a Abuja ko Legas zai ba shi tabarma da abinci, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da kuɗin haya ke da tsada, amma da wuya ya san inda ake neman injiniya ko ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje.

A 1973, wani masani ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya fito da bayanin da ya shahara a kan wannan batu. Ya tambayi ma'aikata a wani gari kusa da Boston yadda suka sami aikinsu, sai ya tarar fiye da rabinsu ta hannun wani da suka sani ne. Abin mamakin shi ne, akasarin waɗannan mutane ba aminai ba ne, mutane ne da ake haɗuwa da su jefi-jefi.

Hujjarsa mai sauƙi ce: amininka yana jin labarin da kai ma kake ji, domin majalisarku ɗaya. Wanda ke nesa da kai shi ke kawo sabon labari.

Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2022, wanda ya shafi mutane fiye da miliyan 20 a dandalin LinkedIn, ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Sai dai ya nuna cewa amfanin sanin nesa ya fi fitowa a ayyukan da suka dogara da kwamfuta, yayin da a sauran sana'o'i dangantaka ta kusa ke da tasiri. Wato dai dillalin albasa bai yi kuskure ba da ya riƙe mai gidansa.

Inda ake haɗuwa da na nesa

Ɗalibin Aliero yana da ƙofofi, ko da yake ba kowa ke ɗaukarsu da muhimmanci ba. Ta farko ita ce watannin koyon aiki a masana'antu da ake tura ɗaliban kimiyya da injiniya kafin su kammala. Da yawa kan nemi a sa musu hannu a littafi kawai, su koma gida, alhali nan ne karon farko da wani ƙwararre da ba ɗan uwansu ba zai ga yadda suke aiki.

Ta biyu ita ce shekarar yi wa ƙasa hidima, shirin da aka soma a 1973, wanda ke tura matashi jihar da ba tasa ba. Masu fafutukar a maido su kusa da gida suna da dalilai, musamman na tsaro a hanyoyi, amma suna rasa shekara guda ta zama da mutanen da ba za su taɓa haɗuwa da su a Birnin Kebbi ba. Akwai kuma tarukan ƙungiyoyin ƙwararru, kamar ta injiniyoyin Najeriya, waɗanda ke da rassa a manyan birane kuma suke karɓar sababbin masu digiri.

Matasa da dama na kallon duk wannan da shakku, suna cewa ba a samun aiki sai da uwa a gindin murhu. Ba za a ce ba su da gaskiya ba. A 2023 majalisar wakilai ta gudanar da bincike kan zargin sayar da guraben aiki a hukumomin gwamnatin tarayya, inda wasu suka ba da shaida cewa sun biya kuɗi.

To amma sayen gurbi daban, shaidar aiki daban. Shugaban sashen da ya buga waya ya ce a ɗauki wani yaro saboda ya ga aikinsa wata shida, yana sa nasa sunan ne a kan layi, kamar yadda fatoma ke yi in ya tsaya wa baƙo. Idan yaron ya gaza, ba za a sake sauraron wannan shugaba ba, kuma ɗaliban da za su biyo baya daga makarantar su ne za su tarar da ƙofar a rufe.